Tankokin yaƙi da tallafin ƙasashen waje: ina ƙarfin yake, a ƙarfe ko a mutane?

Abdulhadi ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya wadda ta daɗe tana cin raina, kuma ina roƙon masu sani su warware mini ita. A watan Janairun 2023 Birtaniya ta yi wa Yukren alkawarin tankokin Challenger 2 guda 14, Jamus ta amince a tura Leopard 2 bayan dogon jan ƙafa, Amurka kuma ta ce za ta bayar da Abrams guda 31. A lokacin, yadda aka yi ta yayata waɗannan tankoki ya sa da yawa daga cikinmu muka ɗauka cewa da zarar sun isa bakin daga, tsofaffin T-72 na Rasha ba za su iya tsayawa a gabansu ba. Sai ga shi a watan Yunin 2023, tun a makon farko na farmakin da Yukren ta kai a yankin Zaporizhzhia, hotuna suka fito na Leopard 2 da motocin yaƙi masu sulke na Bradley sun maƙale cikin filin nakiyoyi kusa da Mala Tokmachka, kuma har bazarar ta ƙare abin da aka iya ƙwatowa a wannan ɓangare bai wuce ƙauyen Robotyne da kewayensa ba. Tambayata kashi biyu ce. Shin ingancin tanka ya daina tasiri a yaƙin zamani ne? Idan kuwa haka ne, mene ne amfanin tallafin da ƙasashe ke kashe wa biliyoyin daloli? Na gode.

Malam Isiyaku ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Abdulhadi. Tambayarka tana da kyau, amma a ganina ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su: ingancin tanka a matsayin mota, da ingancin rundunar da ke yaƙi da ita. Na farkon ana auna shi da kaurin sulke da ƙarfin bindiga da nisan da na'urar hange ke kaiwa, kuma shi ne abin da ake gani a hotuna. Na biyun ba ya fita a hoto, domin ya ƙunshi horon mutanen da ke cikin tankar, da hafsan da ke ba su umarni, da sojojin ƙasa da ke tafiya a gefenta, da injiniyoyin da ke share mata hanya, da kanikawan da ke jiranta a baya da daddare.

Tarihi ya nuna wannan bambanci tun da wuri. A watan Mayun 1940, a yaƙin duniya na biyu, Faransa da Birtaniya a haɗe ba su gaza Jamus yawan tankoki ba, kuma Char B1 da Somua S35 na Faransa sun fi yawancin tankokin Jamus kaurin sulke. Amma Faransa ta rarraba kaso mai yawa na tankokinta ƙanana ƙanana cikin rundunonin sojojin ƙasa, da dama ba su da rediyo, kuma kwamandan tankar shi kaɗai ne a samanta, shi zai duba abokin gaba, shi zai ɗura harsashi, shi zai harba. Jamusawa suka tara nasu cikin manyan rundunoni masu rediyo, tare da sojojin ƙasa a motoci da jiragen sama da ke amsa kiransu, kuma cikin makonni shida aka gama da Faransa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na tuddan Golan a watan Oktoban 1973. Isra'ila tana da tankoki ƙasa da 200 a wurin lokacin da Siriya ta afka mata da fiye da 1,000, kuma T-55 da T-62 da Tarayyar Sobiyet ta ba Siriya suna da na'urar ganin dare wadda tankokin Centurion na Isra'ila ba su da ita. Abin da ya riƙe layin shi ne masu harbi da suka san kowane tudu da kwari na wurin, da ramukan fakewa da aka tanada tun kafin yaƙi, da masu gyara da suke janyo tankar da aka lalata su mayar da ita fagen daga cikin sa'o'i. Amma ka duba abin da ya samu wannan runduna ɗaya ta Isra'ila a Sinai a ranar 8 ga Oktoba, lokacin da ta tura tankoki su kaɗai, babu isassun sojojin ƙasa kuma babu isassun manyan bindigogi, kan sojojin Masar da suka haƙa ramuka suna riƙe da makamai masu linzami na Malyutka da rokokin RPG-7. An yi musu mummunar ɓarna. Runduna ɗaya, mako ɗaya, sakamako biyu, kuma bambancin yana cikin yadda aka yi amfani da tankar.

Game da tallafi kuwa, Iraƙi ta karɓi Abrams guda 140 daga Amurka kafin 2014, amma hakan bai hana birnin Mosul faɗuwa a hannun 'yan ISIS a watan Yunin 2014 ba, domin rundunar da ke arewa ta riga ta ruɓe daga ciki da cin hanci da sojojin bogi da hafsoshin da suka gudu suka bar yaransu. Turkiyya ma, wadda sojojinta ba na wasa ba ne, ta yi asarar Leopard 2A4 da dama a garin al-Bab na Siriya a ƙarshen 2016, saboda an ajiye su a fili a kan tudu ba tare da sojojin ƙasa sun tsare gefunansu ba. Saboda haka abin da ka gani a Mala Tokmachka bai ba ni mamaki ba. Birget-birget ɗin da aka ba sababbin kayan an kafa su ne cikin 'yan watanni, mutanen sun sami horon makonni kaɗan a Jamus da Poland, kuma a makonni kaɗan za ka iya koya wa mutum tuƙi da harbi, amma ba za ka koya wa bataliya yadda za ta haɗa tankoki da masu cire nakiya da manyan bindigogi da hayaƙin ɓoyewa a minti ɗaya cikin duhu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Balarabe ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malam Isiyaku. Na yarda da yawancin abin da ka faɗa, amma ina jin ka rage wa ƙarfen matsayinsa fiye da kima, kuma ina so in tsaya a nan kaɗan domin na yi shekaru ina aikin gyaran manyan injuna, kuma na san cewa ƙirar mota tana yanke hukunci kan abubuwan da horo ba zai iya canzawa ba.

Ka ɗauki batun inda ake ajiye harsasai. T-72 da danginta, har da T-80 da T-90, suna da na'urar da ke ɗura harsashi da kanta, wadda ta ba su damar rage mutane zuwa uku da rage tsawo da nauyin tankar zuwa kusan tan 45. Farashin wannan dabara shi ne harsasan suna jere a da'ira a ƙarƙashin ƙafafun kwamanda da mai harbi, kuma idan wuta ta kai gare su, sai saman tankar ya tashi sama gaba ɗaya, mutanen kuma ba kasafai suke tsira ba. A Abrams, yawancin harsasan suna cikin wani ɗaki a bayan saman tankar, da ƙofar ƙarfe tsakaninsu da mutane, da murfi a sama wanda aka yi shi domin ya fashe ya fitar da wutar waje. Tankar za ta iya ƙonewa, amma sau da yawa mutane huɗun suna fita da ƙafafunsu. Malam, wannan ya koma kan hujjarka ne kai tsaye: idan ƙarfin runduna yana cikin ƙwararrun mutanenta, to tankar da ke mayar maka da mutanenka da rai bayan an buge ta tana adana maka abin da ya fi tsada. Hotunan da Malam Abdulhadi ya gani sun nuna motoci a lalace, amma sojoji da yawa da ke cikin waɗancan Bradley ɗin sun tsira, kuma sun sake yin yaƙi.

Haka nan batun hange. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, a fafatawar da ake kira 73 Easting ranar 26 ga Fabrairu, na'urar Abrams mai gane zafin jiki ta ba Amurkawa damar ganin tankokin Iraƙi cikin ƙura da duhu daga nisan da 'yan Iraƙin ba sa ganin komai. Ko da sojojin Iraƙi sun fi haka horo, wanda bai ga abokin gabansa ba ba zai harbe shi ba.

Inda nake ganin matsalar tallafin da aka ba Yukren take shi ne adadi da rarrabuwar kai. A watan Disamban 2022 babban hafsan sojojin ƙasar na lokacin, Janar Valeriy Zaluzhny, ya faɗa a fili cewa yana buƙatar tankoki 300, da motocin yaƙi masu sulke 600 zuwa 700, da manyan bindigogi 500. Abin da ya samu na tankokin Yamma na zamani kafin farmakin bai kai rabin abin da ya nema ba, Abrams ɗin ma ba su iso ba sai watan Satumban 2023, lokacin da farmakin ya riga ya yi sanyi. Kuma ka dubi abin ta idon makanike. Challenger 2 tana da bindiga mai milimita 120, amma cikin bakinta a murɗe yake, don haka harsashinta daban ne da na Leopard 2 da Abrams duk da cewa faɗin ɗaya ne. Leopard 1 da aka ƙara daga baya tana harba milimita 105, tsofaffin tankokin Sobiyet kuma 125. Injin Abrams irin na jirgin sama ne, yana shan mai da yawa kuma yana son a riƙa tsabtace matatar iskarsa a kai a kai, sauran kuma injin dizal ne na kamfanoni daban daban. Leopard 2A4 da 2A6 ma ba duk kayan gyaransu ne ɗaya ba. Kowace iri tana buƙatar littafinta da kayan aikinta da rumbunta da kanikawanta, kuma saboda tankoki 14 kacal dole ne ka buɗe dukkan wannan layin. Idan lalacewar ta yi girma, sai an ɗora tankar a kan tirela ko jirgin ƙasa zuwa Poland ko Lithuania, tafiyar ɗaruruwan kilomita, ta yi makonni ko watanni kafin ta dawo. Ga nauyi kuma: tankar da ta kai tan 60 ko ta haura ba kowace gadar ƙauye ce za ta ɗauke ta ba, kuma idan ta kafe a taɓon da ake yi a wannan yanki lokacin narkewar ƙanƙara, motar janye T-72 ba lallai ta iya fitar da ita ba.

Wannan abu yana ba ni takaici ƙwarai, domin waɗanda suka yanke shawarar sun san duk wannan, amma kowace ƙasa ta ba da abin da ke cikin rumbunta a lokacin da siyasar gidanta ta yarda, mutanen da ke ƙarƙashin tankar da sifana a hannu su ne suka ɗauki nauyin.

Malama Rabi'atu ta rubuta:

Malamai, akwai abin da ba ku taɓo sosai ba, kuma shi ne ya bambanta wannan yaƙi da na 1973 ko na 1991. Watannin da aka shafe ana muhawara kan ko za a ba da Leopard, Rasha ta yi amfani da su wajen haƙa ramuka da jera shingayen kankare da binne nakiyoyi a layukan da ake jingina wa Janar Surovikin na Rasha, har faɗin filin nakiyar ya wuce abin da kayan share hanya na Yamma aka ƙera su domin shi. Finland ta ba da motocin share nakiya na Leopard 2R guda shida, aka yi asarar uku a Mala Tokmachka. Da zarar motar gaba ta tsaya, sauran suna layi a bayanta a kan siririyar hanya, jirgi marar matuƙi yana kallonsu daga sama, manyan bindigogi suna sauke musu wuta, jirage masu saukar ungulu na Ka-52 suna harbo su daga nisan da ba za su iya ramawa ba. Rasha ma ta ɗanɗana irin wannan a Vuhledar a farkon 2023, inda ta yi asarar motoci masu sulke masu yawa cikin nakiyoyin Yukren.

Daga baya ƙananan jirage marasa matuƙa da ake sarrafawa da tabarau suka yawaita, kuma suna bugun tanka ta sama da ta baya, inda sulken kowace tanka a duniya ya fi sirantaka, domin duk an ƙera su ne da tunanin cewa harbi daga gaba zai zo. Shi ya sa ɓangarorin biyu suke walda keji da raga a kan tankokinsu, har da Abrams ɗin, kuma shi ya sa yanzu ake yawan fito da tanka ɗaya ko biyu su yi harbi su koma maɓoya, maimakon a tara gomman su. Saboda haka ni a wurina ingancin rundunar tankoki a yau ya haɗa da na'urorin toshe siginar waɗannan jirage da kuma kariyar sararin samaniya da ke tafiya tare da ita.

Abdulhadi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, na ƙaru sosai. Amma rabin tambayata na biyu yana nan. Idan kayan zamani suna zuwa a makare, kaɗan kaɗan, kuma da wahalar gyara, akwai lokacin da tallafin waje ya taɓa juya akalar yaƙi da gaske? Ko kuwa dai zanen aro ne da ba ya rufe katara?

Malam Isiyaku ya rubuta:

Akwai, Malam Abdulhadi, kuma da ka bi misalan za ka ga abin da ya haɗa su. Kafin nan, Injiniya, na karɓi gyaranka game da tsirar mutane, hujja ce mai ƙarfi kuma ban ba ta haƙƙinta ba.

A yaƙin duniya na biyu Amurka ta tura wa Tarayyar Sobiyet tankokin Sherman kusan 4,000, adadi ƙarami idan aka kwatanta da T-34 fiye da 50,000 da Sobiyet ta ƙera da kanta. Abin da ya yi aiki sosai shi ne manyan motoci da jif fiye da 400,000, da kawunan jiragen ƙasa kusan 2,000, da man jirgin sama da abinci na gwangwani da wayar sadarwa. Tankar da ta fasa layin abokan gaba ba ta wuce inda mai da harsashinta suka ƙare, kuma motocin Studebaker ne suka bi rundunonin tankokin Sobiyet da guzuri a manyan hare-haren 1944. Tallafin ya cike giɓin da mai karɓa yake da shi, ya bar masana'antunsa suka mai da hankali kan abin da suka iya.

A 1987 kuma, a arewacin Chadi, Libiya tana da tankokin T-55 da motoci masu sulke da jiragen yaƙi da ta saya daga Sobiyet, sojojin shugaban Chadi na lokacin, Hissène Habré, kuwa ba su da ko kusa da haka. Faransa ba ta ba su tankoki ba. Ta ba su ɗaruruwan motocin Toyota a-kori-kura da makamai masu linzami na MILAN, jiragenta kuma suka takaita wa jiragen Libiya shawagi. Mayaƙan, ƙarƙashin Hassan Djamous, mutanen hamada ne da suka saba da kai hari cikin sauri daga ɓangarori da yawa, don haka kayan suka zauna daidai a kan salon yaƙin da suka riga suka sani. A garin Fada ranar 2 ga Janairu suka lalata gomman tankokin Libiya, a watan Maris kuma suka ƙwace babban sansanin Wadi Doum. A wannan yaƙi duka ɓangarorin biyu da kayan waje suka yi faɗa, amma ɗaya ya karɓi abin da hannunsa ya sani, ɗayan ya tara abin da sojojinsa ba su da horo ko niyyar amfani da shi.

A Yukren kanta, tankokin da suka fi yin amfani a shekarar farko su ne T-72 fiye da 200 da Poland ta bayar a 2022, da waɗanda Jamhuriyar Czech ta ƙara, domin sojojin sun san su, kanikawa sun san su, harsashinsu ɗaya ne da na gida, kuma washegarin isowarsu za su iya shiga yaƙi. Farmakin yankin Kharkiv na Satumban 2022, wanda ya ƙwato Izium cikin kwanaki, an yi shi ne kafin a ga Leopard ko ɗaya a ƙasar, kuma Rasha ta bar tankoki masu yawa a can waɗanda Yukren ta gyara ta juya su kanta.

Haɗarin da ke cikin maganar zanen aro da ka kawo gaskiya ne, amma yana bayyana ne a wurin ɗorewa. Isra'ila a 1973 ta samu jigilar Amurka ta sama daga ranar 14 ga Oktoba, fiye da tan 22,000, yawancinsa harsasai da kayan gyara, kuma sanin cewa kaya na tafe ya ba ta damar kashe abin da ke hannunta ba tare da tsoro ba. Afganistan kuwa an gina mata rundunar sama da ta dogara da 'yan kwangilar waje wajen gyara, da suka tafi a 2021 jirage suka fara zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya kafin Kabul ta faɗi ranar 15 ga Agusta. Yukren ta ɗanɗana nata rabon lokacin da majalisar dokokin Amurka ta riƙe sabon tallafi na watanni, har garin Avdiivka ya faɗa hannun Rasha a Fabrairun 2024 cikin ƙarancin harsasan manyan bindigogi, kuma sai a watan Afrilu aka amince da kusan dala biliyan 61. Rasha a nata ɓangaren tana da masana'antar Uralvagonzavod da ke ƙera T-90M, tana fito da tsofaffin T-62 har da T-55 daga ma'ajiya, amma ita ma ta karɓi jirage marasa matuƙa na Shahed daga Iran da harsasai daga Koriya ta Arewa, wanda ya nuna cewa ko mai masana'anta yana neman hannu idan yaƙi ya yi tsawo.

Injiniya Balarabe ya rubuta:

Malam, ina so in ƙara abu ɗaya a kan maganar ɗorewa. Bakin bindigar tanka yana cinyewa bayan adadin harbi, sarƙar da take tafiya a kai tana buƙatar canji bayan wasu kilomitoci, injin kuma yana da sa'o'in da idan ya cika sai an sauke shi. A yaƙi mai zafi ana cinye waɗannan cikin watanni, kuma tankar da babu kayan gyaranta sai a fara kwance ta ana gyara 'yan'uwanta da sassanta. Don haka idan aka sanar da cewa wata ƙasa ta ba da tankoki kaza, kamar Abrams 49 da Ostireliya ta yi alkawari a Oktoban 2024, abin da nake fara nema a cikin sanarwar shi ne ko an haɗa da injunan canji da motocin janye tanka da kwangilar gyara ta shekaru, da kuma inda za a kafa wurin gyaran, kusa da bakin daga ko a ƙetaren iyaka.